4 ga Oktoba a Zariya da sauran duniya: tambayoyi da amsoshi

Kowace shekara hankalin jama'a kan tafi ga 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai, a yi fareti, a yi jawabai, a watse. Kwana uku bayan haka akwai wata rana da ta fi kusa da mu mutanen Zariya, amma takan wuce shiru. Lokacin ruwa ya fara ɗaukewa, masu gasa masara sun cika bakin titin Samaru, dawa ta fitar da kai a gonakin hanyar Shika. An tattara tambayoyin da ɗalibai, malaman makaranta da masu son tarihi suka fi yi a kan wannan rana, da abin da ya faru a cikinta nan gida da can nesa, da mutanen da aka haifa a cikinta.

Mene ne ya haɗa Zariya da 4 ga Oktoba?

A ranar Alhamis, 4 ga Oktoba 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Tun daga wancan lokaci babu wani abu da ya sauya fasalin garin nan kamar ta. A ganina duk wanda zai lissafa manyan ranakun Zariya a ƙarnin da ya wuce, dole ya sa wannan kusa da shigowar Turawa a 1902.

Yaya aka yi jami'ar ta kafu, kuma me ya sa aka zaɓi Zariya maimakon Kaduna ko Kano?

Gab da samun 'yanci, jami'a ɗaya tak ake da ita a ƙasar nan, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ita ma a ƙarƙashin Jami'ar Landan take. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a 1959 ƙarƙashin wani Bature mai suna Eric Ashby, don ya duba irin ma'aikatan da ƙasar za ta buƙata idan Turawa sun tattara nasu ya nasu. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i, ciki har da ɗaya a Arewa. Yankin Gabas bai ma jira ba, ya buɗe ta Nsukka a 1960. Ta Ife da ta Legas suka fara aiki a 1962, shekara ɗaya da tamu.

Ga Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, lamarin na gaggawa ne. Arewa ta fi kowane yanki faɗi da yawan jama'a, amma masu digiri a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Likitoci, injiniyoyi da manyan jami'an mulki yawancinsu Turawa ne ko 'yan Kudu. Majalisar Arewa ta zartar da dokar kafa jami'ar a 1961. Da farko Jami'ar Arewacin Nijeriya aka yi niyyar kiranta, kafin a sa mata sunan Sardauna.

Zaɓen Zariya kuwa ba alfarma aka yi mata ba. Kayan aikin ne aka tarar a nan. A Samaru akwai reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya tun shekarun 1950, da azuzuwanta da ɗakunan kwanan ɗalibai. Gefenta akwai tashar binciken aikin gona da ke aiki tun shekarun 1920, inda ake gwajin auduga da gyaɗa da dawa. A Kongo akwai Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda ake horar da akawuna, ma'aikatan En'e da alƙalai. A Shika akwai gonar binciken dabbobi. Ga layin dogo da ya haɗa garin da Kano da Kaduna da Gusau. Waɗannan aka haɗe wuri guda, aka ƙara da wata kwaleji a Kano ta nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. Ita ce ta tsaya da ƙafarta ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ranar da aka buɗe, tsangayoyi huɗu ne: aikin gona, injiniya, shari'a da kimiyya. Sassa 15, ɗalibai 426. A yau aji ɗaya na 'yan shekarar farko a wasu sassan ya fi wannan adadi, kuma duk wanda ya taɓa neman wurin zama a babban ɗakin lacca da ƙarfe bakwai na safe ya san haka.

Su wa suka fara jan ragamarta?

Sardauna da kansa ne uban jami'a na farko. Shugaban da ke tafiyar da ita yau da kullum kuwa Norman Alexander ne, masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar New Zealand, wanda ya koyar a Ibadan kafin ya zo nan. Gwamnan Arewa a lokacin shi ne Sir Kashim Ibrahim, wanda babban ɗakin karatun jami'ar ke ɗauke da sunansa. A fadar Zazzau kuma Sarki Muhammadu Aminu ne ke kan karaga.

Sardauna bai daɗe yana ganin abin da ya shuka ba, domin an kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, jami'ar na da shekara uku da 'yan watanni. A wannan shekarar mai wuya ne Dokta Ishaya Audu ya karɓi shugabanci, ɗan Nijeriya na farko a kujerar. Likitan yara ne, haifaffen Anchau, wanda ya yi karatun farko a Wusasa. Ya riƙe ta har 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Shekaru tara ɗin nan sun haɗa da rikicin 1966 da yaƙin basasa, lokacin da malamai da ɗalibai da yawa suka bar garin, amma a cikinsu ne aka kafa tsangayar koyon aikin likita, jami'ar ta bunƙasa ninki-ba-ninki. Ina ganin ba a ba mutumin nan haƙƙinsa na yabo yadda ya kamata ba, musamman a wurin matasan da sunansa kawai suke gani a jikin allo. Daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari.

Wanda bai taɓa shiga aji a jami'ar ba, me ta tsinana masa?

Wannan tambaya ta fi fitowa daga mutanen cikin birni, kuma tana da hujja, domin an daɗe ana kallon Samaru kamar wata duniya dabam da Ƙofar Doka ta raba mu da ita.

Amsa mafi sauƙi tana cikin gona. Manomin da ya je sayen iri a Giwa ko Soba ko Maƙarfi, ya ga buhu an rubuta SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa ko SAMCOT na auduga, to aikin cibiyar binciken gona ta Samaru ne a hannunsa. Irin masara mai saurin nuna da mai jure wa wuta-wuta sun taimaka ƙwarai wajen mayar da ƙasar Zazzau ƙasar masara, alhali kakanninmu dawa da gero suka fi dogara da su. Ga asibitin koyarwa na Shika, inda ake kawo marasa lafiya daga jihohin da ke kewaye. Ga kasuwar Samaru, da masu hayar ɗakuna a Hayin Dogo da Zango da Palladan, da 'yan acaɓa da masu adaidaita da direbobin bas da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari da Kongo. Idan aka shiga dogon yajin aiki, mai sayar da ƙosai a bakin geti ita ke fara sanin zafinsa kafin labari ya kai Abuja.

Sai kuma mutanen da ta yaye. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya karanta kimiyyar sinadarai. Atiku Abubakar ya yi difloma a fannin shari'a a Kongo. Namadi Sambo, wanda ɗan Zariya ne, a nan ya karanta zanen gine-gine. A sashen tarihi, Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun tarbiyyantar da ɗaliban da suka daina karɓar tarihin ƙasar Hausa yadda Turawan mulki suka rubuta shi ba tare da bincike ba. Tun kafin a buɗe jami'ar ma, a 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin Samaru, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiyar da ta sa sunan Zariya ya shiga tarihin zanen zamani na Afirka.

A duniya baki ɗaya, wane abu ne aka fi tunawa da shi a wannan rana?

Harba tauraron ɗan'adam na farko. Ranar Juma'a, 4 ga Oktoba 1957, Tarayyar Sobiyet ta cilla Sputnik 1 daga Baikonur, a ƙasar Kazakistan ta yanzu. Abin ba shi da wani girma: dunƙulen ƙarfe ne mai sheƙi kamar babban tulu, faɗinsa santimita 58, nauyinsa kilo 83.6, da dogayen eriya huɗu. Ba ya ɗaukar hoto, ba ya isar da saƙon kowa. Wani ɗan sauti kawai yake fitarwa a kai a kai, wanda masu rediyo a ƙasashe da dama suka riƙa kamawa. Yana zagaye duniya a cikin minti 96 ko kusa da haka. Bayan mako uku batirinsa ya mutu, sannan a 4 ga Janairu 1958 ya faɗo ya ƙone a iska. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Sergei Korolev, an ɓoye sunansa har ya mutu.

Abin da ya tayar wa Amurka hankali shi ne rokar. Rokar da za ta iya kai ƙarfe sararin samaniya za ta iya kai bam kowane birni. Wata guda bayan haka Sobiyet ta sake harba wani da karya mai suna Laika a ciki. A 1958 Amurka ta kafa hukumar NASA, ta zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya a makarantunta, tseren da ya kai mutum duniyar wata a 1969 ya kankama. Sobiyet ta sake zaɓar 4 ga Oktoba a 1959 ta harba Luna 3, wanda ya ɗauko hoton farko na bayan wata, ɓangaren da ba a ganinsa daga ƙasa.

Arewa ma tana da ɗan hannu a wannan labari. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bin diddigin kumbo a Kano. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wato ana gobe za a buɗe jami'a a Samaru, ɗan sama-jannatin Amurka Walter Schirra ya zagaye duniya sau shida, kuma Kano na cikin jerin tashoshin da aka tanada don irin wannan tafiya. Nijeriya ta samu nata tauraron na farko, NigeriaSat-1, a Satumbar 2003, daga Rasha aka harba shi. Saboda Sputnik ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 4 zuwa 10 ga Oktoba a matsayin makon sararin samaniya.

Da gaske ne akwai shekarar da mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka tashi 15 ga wata?

Gaskiya ne, a 1582. Tsohuwar kalandar Turai, wadda ta samo asali daga zamanin Juliyas Kaisar, tana ɗaukar shekara kwana 365 da rubu'i cif. Shekarar rana ta gaskiya kuwa ta gaza haka da kimanin minti 11. Minti 11 ba komai ba ne a shekara guda, amma duk shekara 128 sai ya taru ya zama kwana ɗaya. Kafin ƙarni na 16 kuskuren ya kai kwana goma, lissafin bikin Ista ya fara kauce wa lokacinsa. Fafaroma Gregory na 13 ya ba da umarni a tsallake kwanakin nan goma, don haka Alhamis 4 ga Oktoba ta wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba a Sifen, Fotugal, Folan da yawancin Italiya. Jerin ranakun mako bai taɓu ba, lambar kwanan wata ce kawai ta yi tsalle.

Aka kuma gyara dokar shekara mai kwana 366 don kada a koma gidan jiya: shekarun da ke cika ƙarni ba sa samun ƙarin kwana sai idan 400 ta raba su daidai. Shi ya sa Fabrairun 2000 ya yi kwana 29, na 1900 bai yi ba, na 2100 ma ba zai yi ba.

Ba kowa ya bi nan take ba. Ingila ta ƙi sai 1752, Rasha sai 1918. Wannan kalandar ce Turawan mulki suka shigo mana da ita, ita ce ke rataye a ofisoshinmu.

A lissafin Hijira fa, yaushe ne aka buɗe jami'ar?

Ranar ta faɗo a farkon watan Jimada Ula na shekarar 1382. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka takan riga ta Turawa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai bayan kimanin shekara 33 su sake haɗuwa kusa da inda suka rabu. Wannan ne dalilin da ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa damina zuwa hunturu, alhali 4 ga Oktoba kullum a ƙarshen damina take samun mu.

Me ya faru a Afirka a wannan rana?

Abubuwa huɗu ne suka fi fice, biyu na farin ciki, biyu na jini.

A 1966 ƙasar Basutoland ta samu 'yanci daga Ingila ta koma Lesotho, da Sarki Moshoeshoe na biyu da Firaminista Leabua Jonathan, babban birninta Maseru. Ƙasa ce ta duwatsu wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina. Abin da ya hana a haɗiye ta shi ne dabarar Moshoeshoe na farko, wanda ya nemi kariyar Ingila a 1868 lokacin da Turawan Bowa ke cinye masa ƙasa.

A 1992, a birnin Rum, Shugaba Joaquim Chissano na Mozambik da madugun 'yan tawayen Renamo, Afonso Dhlakama, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka fara tun 1977, wanda aka ƙiyasta ya ci rai kusan miliyan ɗaya. Cikin masu shiga tsakani akwai wata ƙungiyar 'yan Katolika ta Sant'Egidio, wadda ba ta da soja ko kujerar mulki. Sun shafe fiye da shekara biyu ana zama ana tashi kafin a kai ga sa hannu, aka yi zaɓe a 1994. Ga mu da muke fama da rashin tsaro a dazuzzukan da ke yamma da mu, wannan ne labarin da na fi so a karanta a tsanake.

A 1993 aka wayi garin 4 ga Oktoba ana gwabza faɗa a Mogadishu, wanda aka fara tun yammacin 3 ga wata, lokacin da sojojin Amurka suka je kama muƙarraban Janar Muhammad Farah Aidid. An kakkaɓo jirage masu saukar ungulu biyu, sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa, da yawansu fararen hula. Cikin wata shida Amurka ta janye. A rana ɗaya da wannan, can a Mosko, tankokin Boris Yeltsin na luguden wuta a kan ginin majalisar dokokin Rasha.

Na huɗu a maƙwabtanmu ne. A 2017 'yan bindiga suka yi wa ayarin sojojin Nijar da na Amurka kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo a jihar Tillaberi, dab da iyakar Mali. Amurkawa huɗu suka mutu tare da sojojin Nijar. Sai a lokacin Amurkawa da yawa suka san cewa ƙasarsu na da dakaru a Nijar, dakarun da suka fice a 2024.

A tarihin Nijeriya akwai wani abu ban da buɗe jami'a?

Akwai, kuma mai nauyi ne. Ranar 4 ga Oktoba 1967 sojojin tarayya suka shiga Inugu, hedikwatar Biyafara, wata uku bayan fara yaƙi a 6 ga Yuli. Laftanar Kanar Theophilus Ɗanjuma ne ya jagoranci dakarun da suka shiga garin. Ojukwu, jagoran Biyafara, ya mayar da gwamnatinsa Umuahia. Mutane da yawa sun ɗauka yaƙi ya zo ƙarshe ke nan, amma sai da ya kai Janairun 1970, bayan yunwa ta hallaka ɗimbin yara da mata a Gabas.

Zariya ba 'yar kallo ba ce a wannan yaƙi. Shugaban ƙasa na lokacin, Yakubu Gowon, a Wusasa ya tashi, a Kwalejin Barewa ya yi karatu. A Depot na nan garin ake horar da kurata, kuma har yau akwai gidaje a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni da ke da kaka ko kawu da ya tafi bai dawo ba. Haka nan akwai iyalan Ibo da suka bar shaguna da gidaje a Sabon Gari a 1966, wasu suka dawo bayan yaƙi, wasu har abada. Rana ce ta addu'a ga mamatan kowane ɓangare.

Waɗanne shahararrun mutane aka haifa ran 4 ga Oktoba?

Masana kimiyya sun fi yawa, abin da ya dace da ranar haihuwar jami'a. John Atanasoff, Ba'amurke da aka haifa a 1903, shi da ɗalibinsa Clifford Berry suka ƙera wata na'urar lissafi mai aiki da lantarki a kwalejin jihar Iowa tsakanin 1939 da 1942. Yaƙin duniya ya katse aikin, aka manta da shi, wasu suka ɗauki suna. Sai a 1973 wata kotu a Amurka ta yanke hukuncin cewa aikinsa ya riga na waɗanda suka yi rajistar ƙirƙirar kwamfuta. Mutum uku da suka ci kyautar Nobel su ma ranar aka haife su: Vitaly Ginzburg na Rasha a 1916, wanda ya ci ta fiziks a 2003, Kenichi Fukui na Japan a 1918, wanda ya ci ta kimiyyar sinadarai a 1981, da Kurt Wüthrich na Suwizalan a 1938, wanda ya ci tasa a 2002.

A siyasa akwai Rutherford Hayes, shugaban Amurka na 19, haihuwar 1822. Zaɓen da ya kawo shi a 1876 na cikin mafi rikici a tarihin ƙasar, da ƙuri'ar wakilai ɗaya ya tsira, 185 da 184.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo za su gane waɗannan: Jorge Valdano na Ajantina, haihuwar 1955, wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1986, ya kuma buga wa Real Madrid ya horar da ita, Mauro Camoranesi, 1976, wanda aka haifa a Ajantina amma ya ɗauki kofin duniya da Italiya a 2006, da Tomas Rosicky na ƙasar Cek, 1980, wanda ya yi shekara goma a Arsenal, rauni na yawan hana shi sakat. A fim akwai Buster Keaton, 1895, gwanin barkwanci a zamanin da fim ba ya magana, da Charlton Heston, 1923, da Susan Sarandon, 1946.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne mai zane ɗan Faransa, Jean-François Millet, haihuwar 1814. Ɗan manoma ne, kuma manoma ya riƙa zanawa a lokacin da masu kuɗi suka fi son hoton sarakuna. Zanensa da ya fi shahara mata uku ne sun duƙa suna kala a gona bayan girbi. Duk wanda ya bi hanyar Giwa a watan Nuwamba ya ga matan nan da idonsa.

Waɗanda suka rasu a ranar fa?

Mai zane Rembrandt na Holan a 1669, masanin fiziks Max Planck na Jamus a 1947, da Janar Vo Nguyen Giap na Biyetnam a 2013, yana da shekara 102. Shi ne ya karya sojojin Faransa a Dien Bien Phu a 1954.

Me ya sa irin wannan jeri kullum Turawa ne suka cika shi? Ina namu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Ba manyan mutane muka rasa ba. Rubuta ranar haihuwa da kalandar Turawa ne bai zama al'adarmu ba sai kwanan nan, alhali a Turai coci-coci sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta sunan duk jaririn da aka kawo musu da kwanan watansa. Sarauniya Amina, wadda sunanta ya kai ko'ina, masana tarihi ba su ma daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, galibinsu dai sun fi karkata ga na 16. Malamanmu sun rubuta tarihi da Larabci da ajami, amma sun fi kula da shekarun da sarki ya yi a kan mulki da ranar wafatin malami.

Iyayenmu suna da nasu lissafin, kuma ba na wasa ba ne. Suna na faɗin ranar mako: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Wani sunan na faɗin lokaci: Azumi, Sallau, Marka, Anaruwa. Shekara kuma da abin da ya faru ake riƙe ta.

Na tsaya a layi a wata cibiyar yin katin shaida, wata dattijuwa na gabana. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Iya, wace shekara aka haife ki?" Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ɗan nan, ni dai ina goyon fari aka yi canjin hannu." Ya dube ta, ya dubi layin da ke bayanta, ya ƙiyasta shekara, ya buga 1 ga Janairu. Alhali ta ba shi amsa mai kyau, domin an koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, daga nan ana iya lissafawa baya. Da wannan hanya dubban mutanenmu suka zama haihuwar 1 ga Janairu a takarda, waɗanda aka haifa 4 ga Oktoba a cikinsu kuwa ba mai sanin su, har su kansu.

Ko mutum yana bikin zagayowar ranar haihuwa ko ba ya yi, domin malamai sun yi saɓani a kai kuma kowa da fahimtarsa, rubuta ranar wani abu ne dabam. Ana buƙatarta a makaranta, a asibiti, a fasfo, a fansho. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma ya fi sauƙi a karɓe ta kafin a sha suna ko jim kaɗan bayansa.

To yaya zan gano ranar haihuwar mahaifiyata ko kakata, tunda ba a rubuta ba?

A zauna da ita da sa'o'inta tun suna raye, a nemi abu uku: abin da ya faru a shekarar, watan Musulunci ko yanayin gona, da ranar mako. Ga wasu turaku da mutanen Zazzau suka saba jingina da su: zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a farkon 1956, rasuwar Sarki Ja'afaru a 1959, 'yancin kai a 1960, kisan Sardauna a 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannu a 1972, shigowar naira da kwabo a Janairun 1973, naɗin Sarki Shehu Idris a 1975, kisan Murtala a Fabrairun 1976, da fara karatun firamare kyauta a Satumbar wannan shekara, sai canjin kuɗi na 1984.

A ɗauka sunanta Lami, kuma yayarta ta ce an haife ta da azumi, shekarar zuwan Sarauniya. Azumin 1956 ya kama ne wajen 12 ga Afrilu zuwa wajen 11 ga Mayu. Lami haihuwar Alhamis ce, kuma Alhamis huɗu ko biyar ne kawai a cikin wannan azumi. Idan aka ƙara tambaya, wata ta tuna cewa a goman ƙarshe ne, ana ta ɗinkin kayan salla, to saura rana biyu: 3 ga Mayu ko 10 ga Mayu. Sai a tambayi ko an yi suna kafin salla ko bayanta. Idan kafin salla aka raɗa suna, 3 ga Mayu ce, domin sunan ya faɗo 10 ga wata ana cikin azumi. Idan bayan salla ne, 10 ga Mayu 1956 za a rubuta.